Yadda ake shawo kan jiri da suma bayan tiyatar rage ƙiba

Sati 3 da dawowar yayata daga Masar, inda aka yi mata tiyatar rage ƙiba, ta yanke jiki ta faɗi a kan darduma. Sallar la'asar take yi, ta ɗago daga sujuda za ta miƙe, sai na ga ta yi baya luu, kanta ya bugi gefen gado. Nan take gida ya ruɗe. Wannan ta ɗebo ruwa za ta sheƙa mata, waccan na neman albasa, wata kuma ta fara ƙoƙarin ɗaga ta zaune. Kafin minti guda ta buɗe ido. Da ta natsa na ce, "Yaya, ruwa nawa kika sha yau?" Ta nuna min ledar ruwa guda a kan durowa, ko rabi ba ta sha ba tun safe. Ta ce, "Ke dai bari, ƙanwata, da na kurɓa sai in ji ya tsaya min a ƙirji." Daga baya muka gano har ranar tana haɗiyar magungunan hawan jininta kamar yadda take sha kafin tiyata, har da mai sa fitsari.

Ni na yi jinyarta watanni, kuma abin da na fi ƙaruwa da shi shi ne wannan: lokacin da jiri yake zuwa shi ke nuna dalilinsa. Jirin miƙewa tsaye daban, na bayan cin abinci daban, wanda ba ya barin mutum dare da rana daban, kuma kowanne da hanyar da ake bi da shi. Tiyatar da aka fi yi iri biyu ce. Akwai wadda likitoci ke kira siliv, inda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a bar shi siriri kamar ayaba. Akwai kuma baifas, inda ake ware ɗan ƙaramin aljihu kamar girman ƙwai a saman tumbi, a haɗa shi da ƙaramin hanji kai tsaye. A duka biyun, abin da ke shiga jiki na ruwa, gishiri da abinci yana raguwa lokaci guda, nauyi na zubewa da sauri, jiki kuma bai gama sabawa ba.

Mataki na 1: abin yi a lokacin da abin ya zo

Suma ba kasafai take zuwa babu sallama ba. Ido ya kan yi duhu, kunne ya yi ɗimm, gumi mai sanyi ya karyo, zuciya ta tashi. Da zarar an ji haka, a zauna ko a kwanta a inda ake, ko da tsakar gida ne, ko cikin kasuwa. Kada a ce bari a ƙarasa ɗaki, a wannan 'yar tafiyar ake faɗuwa. In babu halin kwanciya, a tsuguna, ko a harɗe ƙafafu a matse cinyoyi da ƙarfi tare da dunƙule hannuwa. Matsewar tana tura jinin da ya taru a ƙafafu ya koma sama.

In mutum ya riga ya suma, masu jinya su bar shi a kwance rigingine, su ɗaga ƙafafunsa kamar santimita 30 a kan filo ko kujera, su sassauta masa zani ko tazuge, su ba shi iska. Kada a ɗaga shi zaune, domin jinin da ake so ya isa ƙwaƙwalwa ne ake sake janyewa. Kada a ɗura masa ruwa, zuma ko madara yana sume, zai iya shaƙewa ya wuce huhu. In yana numfashi amma bai farfaɗo ba, ko ya fara amai, a juya shi gefe guda. In ya haura minti 1 bai dawo hayyacinsa ba, a nemi mota zuwa asibiti, a Najeriya ana iya kiran 112. Wanda ya farfaɗo kuma ya ƙara minti 10 zuwa 15 a kwance, sannan ya zauna, sannan a fara ba shi ruwa kaɗan-kaɗan.

Mataki na 2: a tabbatar ba jirin asibiti ba ne

Wannan na sa shi da wuri ne don akwai jirin da ba a yi masa dabarar gida. A makonnin farko bayan tiyata, ɗinkin tumbi na iya yoyo ko zubar da jini, jini kuma na iya daskarewa a ƙafa ya tafi huhu, musamman ga wanda ya yi doguwar tafiya a jirgi daga Alƙahira, Istanbul ko Delhi jim kaɗan bayan aiki. A ɗora yatsu biyu a wuyan hannu a ƙirga bugu na minti guda. In mutum yana hutawa amma bugun ya haura 120 kuma ya ƙi sauka, asibiti kawai. Haka nan in akwai zazzaɓi, ciwon ciki mai ƙaruwa, ciwon kafaɗar hagu, ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, kumburin ƙwauri guda, aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin mai yauƙi da wari. Maganin ƙarin jini ma yana sa bayan gida ya yi duhu, amma ba ya yin wannan yauƙin kamar kwalta.

Sumar da ta zo mutum yana kwance, ko yana tsakiyar aikin ƙarfi, ko tare da bugun zuciya mai tsalle-tsalle, tana buƙatar gwajin zuciya. Karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa, da sarƙewar magana su ma na gaggawa ne. Wanda ya bugi kansa ya shiga amai ko barci mai nauyi, kada a bari ya kwana a gida.

Mataki na 3: a buɗe littafi

A samo ɗan littafi irin na 'yan makaranta. Duk sanda jiri ya zo a rubuta ƙarfe nawa ne, me ake yi, me aka ci da yaushe, ruwa nawa aka sha, wane magani aka haɗiya. In akwai na'urar awon jini da ta gwajin suga a gida, a rubuta abin da suka nuna a daidai lokacin. Cikin kwana 3 zuwa 4 za a ga abin ya fara fitowa fili. Littafin Yaya ya nuna jirinta duk na safe ne da na tashi daga zaune, babu ko ɗaya bayan abinci. Da wannan shafin likita ya yanke shawara cikin 'yan mintoci.

Mataki na 4: ruwa

Rashin isasshen ruwa shi ne kan gaba a dalilan jiri a watannin farko, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutane gadon asibiti bayan wannan tiyata. Abin da ake nema lita 1 da rabi zuwa 2 ne a yini, wato ledar ruwa 3 zuwa 4 ta santilita 50. Ga mai lafiyayyen ciki wannan ba komai ba ne, amma wanda tumbinsa ya koma kamar ayaba ba zai iya kwankwaɗa ba, kuma ƙishirwa ba ta cika damunsa ba. Don haka ba a jiran ƙishi, da agogo ake sha.

Da safe a juye ruwan yinin duka a gora, a yi mata alama da biro: nan zuwa azahar, nan zuwa la'asar, nan zuwa isha. A saita waya ta riƙa ƙara kowane minti 15, a kurɓi kamar manyan cokula 2 zuwa 3. Yana da ban gajiya, na sani, Yaya ta sha yi min tsawa a kan ƙarar wayar nan. Amma da haka gorar ke ƙarewa. A dakata da sha minti 30 kafin abinci da minti 30 bayansa, don ruwa da abinci ba sa samun wuri tare, kuma ruwan na tura abincin hanji da wuri.

Mutane da yawa ruwa zalla yana yi musu nauyi a ƙirji bayan tiyata. A gwada mai ɗumi, ko mai sanyi sosai, ko a matsa ɗan lemon tsami, ko a jefa ganyen na'ana'a. Romon kaza ko na kifi da aka tace aka kwashe mai yana da kyau ƙwarai, don yana kawo gishiri tare da ruwa. Ranar gudawa, amai ko gumi mai yawa, a kaɗa ƙullin ruwan gishiri da sukari na kemis a lita 1, a riƙa kurɓa a hankali. Lemon kwalba mai gas, kofi da shayi mai kauri a ajiye su tukuna. Shayin rage ƙiba da jiƙe-jiƙen wankin ciki kuwa a rabu da su gaba ɗaya, ruwan jiki suke kwashewa ta fitsari da zawo.

Fitsari shi ne madubi. In ya yi fari-fari da ɗan rawaya, ana kan hanya. In ya yi ja kamar shayi, ko an yi awa 8 ba a yi ba, ruwa ya yi ƙasa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40 a Kano, Sakkwato da Yamai, sai an ƙara a kan wancan adadin, haka ma lokacin hunturu da iska ke busar da jiki ba a sani ba. Wanda ya yi awa 24 ruwa ba ya zama a cikinsa, ƙarin ruwa yake buƙata a asibiti. Mai ciwon ƙoda ko ciwon zuciya kuwa likitansa ne zai faɗa masa adadin ruwa da gishirin da ya dace da shi.

Mataki na 5: awon kwance da tsaye, da zancen magunguna

Ga gwajin da kowa zai iya yi a gida. Mutum ya kwanta minti 5, a auna jininsa. Ya miƙe tsaye, wani na kusa da shi, a sake aunawa bayan minti 1, a kuma bayan minti 3. In lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye, ko ta ƙasa ta faɗi da 10 ko fiye, to jini na sauka idan an miƙe, kuma shi ke kawo jirin. Misali daga 125 bisa 80 a kwance zuwa 100 bisa 68 a tsaye. A yi da safe kafin shan magani, a maimaita da yamma, kwana 3 a jere.

Sai a tattara duk magungunan da ake sha a leda guda, a haɗa da littafin, a kai wa likita. Hawan jini da ciwon suga kan sauka cikin kwanaki ko makonni bayan tiyata, tun kafin nauyi ya zube sosai, sai ya zama maganin da ya dace da jikin da ya wuce ya yi wa na yanzu yawa. Masu sa fitsari irin su Lasix da Moduretic sun fi kawo matsala, don suna fitar da ɗan ruwan da aka sha da ƙyar. A ɓangaren suga kuma allurar insulin da ƙwayoyi irin su Daonil na iya kayar da suga ƙasa warwas ga wanda cokali 4 na abinci ke ƙosar da shi. Wasu magungunan barci, na damuwa da na kumburin mafitsarar maza su ma suna sa jiri.

Kada mutum ya yanke magani da kansa, akwai na zuciya da na hawan jini da tsayar da su lokaci guda ke da haɗari. Abin da ya fi ɓata min rai a lamarin Yaya shi ne an sallamo ta da takardu da yawa, amma babu wanda ya ce mata ta nemi likita a gida da zai riƙa rage mata magani. Duk mai shirin fita waje yin wannan aiki ya samu likitan da zai bibiye shi tun kafin ya hau jirgi. Sannan a guji magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen, diclofenac da aspirin sai da izinin likita, domin suna jawo gyambo da zubar jini a sabon tumbi. Farasitamol ya wadatar a mafi yawan lokuta.

Mataki na 6: a koyi tashi sabo

Da asuba ne jini ya fi yin ƙasa. Kafin a sauko daga gado a motsa yatsun ƙafa da idon sawu kamar sau 20, a juya gefe, a zauna bakin gado minti 1 zuwa 2, a kurɓi ruwan da aka kwana da shi a kusa, sannan a miƙe da hannu a jikin bango. A tsaya nan a ƙirga 30 kafin a ɗaga ƙafa. Banɗaki wuri ne na faɗuwa, musamman na tsuguno: a tashi a hankali, kada a yi nishi da ƙarfi, kada a sa sakata. Wanka da ruwa mai ɗumi kawai, a kan kujera 'yar tsuguno, don ruwan zafi yana buɗe jijiyoyi jini ya ƙara sauka. Tsayuwa a gaban murhu, layin banki da rana tsaka duk a rage su.

A wajen salla, a ɗago daga ruku'u sannu a hankali, in an taso daga sujuda a ɗan zauna sannan a dogara da hannu a miƙe. Ranar da jiri ya yi yawa a yi ta a zaune. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Sai da na tuna wa Yaya wannan kafin ta yarda, ta yi sati 2 tana yi a kujera. In an yi duk wannan, an rage magani, ruwa ya wadata, amma jirin tsaye bai tafi ba, likita na iya ba da safa mai matse ƙafa ko ɗamarar ciki, akwai kuma ƙwayoyin da ke ɗaga jini.

Mataki na 7: jirin bayan abinci

Wannan iri biyu ne, kuma agogo ke raba su. Na farko yana zuwa minti 10 zuwa 30 bayan ci. Abinci mai zaƙi ko maiƙo ya zubo hanji da sauri, hanji ya janyo ruwa daga cikin jini, sai murɗar ciki, tashin zuciya, zawo, gumi, bugun zuciya da jin dole sai an kwanta. Likitoci na ce masa dampin. Ya fi kama masu baifas, amma masu siliv ma ba su tsira ba. In ya zo a kwanta minti 30, zai wuce.

Na biyu yana zuwa awa 1 zuwa 3 bayan ci, kuma sau da yawa sai an yi shekara ko fiye da tiyata yake bayyana, lokacin da mutum ya saki jiki. Suga ya hau da sauri, jiki ya saki insulin fiye da kima, sai suga ya faɗo. Alamunsa karkarwa, gumi, yunwa mai tsanani, ruɗewa, gani biyu-biyu, har suma. A gwada suga da na'ura a daidai lokacin. Ƙasa da 70, ko 3.9 a na'urar da ke amfani da ɗaya ma'aunin, suga ya sauka. Ƙasa da 54, wato 3.0, ya yi tsanani. In mutum na cikin hayyacinsa a ba shi giram 15 na sukari, kamar ƙananan cokula 3 zuwa 4 a ɗan ruwa ko babban cokali 1 na zuma, a jira minti 15, a sake gwadawa. Da ya daidaita ya ci dafaffen ƙwai, gyaɗa ko awara. Kada a cika masa ciki da zaƙi don tsoro, bayan awa 2 abin zai dawo.

Rigakafin duka biyun a kwano yake. A ci kaɗan-kaɗan sau 5 zuwa 6 a yini, a ɗauki minti 20 zuwa 30 ana taunawa. A fara da mai gina jiki: ƙwai, kifi, kaza, alala, wake, awara, kindirmo marar sukari, ana neman giram 60 zuwa 80 na furotin a yini. Sai ganye, sai a ƙarshe ɗan tuwo ko shinkafa in da sauran wuri. Abubuwan da suka fi kayar da mutanenmu su ne masu ruwa-ruwa da zaƙi, don suna wucewa ba tare da an ji ƙoshi ba: koko da sukari, kunun zaƙi, fura da aka zambaɗa wa sukari, zoɓo, shayi da madarar gwangwani, lemon kwali. Masu zuwa dubiya su ne ke kawo su da kyakkyawar niyya, sai mai jinya ya iya karɓa da godiya ya ajiye wa yara. In an gyara ci amma suga na ci gaba da faɗuwa, akwai magani mai suna akabos da likita kan rubuta. Mai shan sa in suga ya sauka, gulukos zalla zai sha, sukarin gida ba ya aiki da wuri.

Mataki na 8: gwajin jini da bitamin

Jirin da ba shi da lokaci, mai tafe da kasala, haki in an hau bene, farin ido da zubewar gashi, yawanci ƙarancin jini ne. Sabon tumbi ba ya iya tatsar sinadarin ƙarfe da bitamin B12 daga abinci kamar da, kuma mata masu jinin al'ada da yawa sun fi shiga ciki. Ana gwaji a wata na 3, na 6 da na 12, sannan duk shekara har ƙarshen rayuwa. Kada a tsaya a PCV kaɗai, wato awon yawan jini, a nemi a duba feritin (ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki), B12, folet (wani bitamin na gina jini), bitamin D, gishirin jini da aikin ƙoda. Bitamin na kullum ba a daina shi don an ji sauƙi. Maganin ƙarfe a raba shi da kalsiyam, madara da shayi da tazarar awa 2. B12 kuma sau da yawa allura ake yi duk wata 3.

Akwai guda ɗaya da nake so kowane mai jinya ya haddace: bitamin B1, wato tayamin. Ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta sati 2 zuwa 3 ba. Wanda ya jera kwanaki yana amai bayan tiyata zai iya ƙarar da shi, sai jiri, tangaɗi a tafiya, rawar ƙwayar ido, mantuwa da sambatu, ko ƙafafu su yi sanyi da tsira-tsira. A gidajenmu irin wannan ake cewa iska ce ko sammu, a ɓata kwanaki, alhali ƙwaƙwalwa na iya samun lahani na dindindin. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya asibiti. In an isa a faɗa wa likita cewa an yi tiyatar rage ƙiba kuma ana ta amai, domin a irin wannan hali ana ba da tayamin kafin ruwan gulukos ko tare da shi.

Mace da ta ga jiri ya taso mata sabo ta yi gwajin ciki, don haihuwa kan buɗe idan nauyi ya sauka, kuma ana so a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan aiki.

Azumi, tuƙi da takardar jaka

Likitocin wannan fanni kan hana azumi a watannin farko, da yawansu har zuwa shekara, domin lita 2 ba ta shiga ƙaramin tumbi tsakanin magariba da asuba tare da abinci. Suratul Baƙara ta ba marar lafiya damar ramawa a wasu kwanaki. Wanda likita ya ba izini daga baya ya yi buɗa-baki da ruwa da dabino 1, ya jira minti 30, ya ci mai gina jiki, ya jinkirta sahur, kuma ya karya da zarar jiri ko karkarwa sun zo. Wanda ya taɓa suma kada ya tuƙa mota ko babur, kada ya hau tsani ko ya leƙa rijiya jan ruwa, sai likita ya gano dalili ya ce ya ci gaba. Mai goyo ta zauna kafin ta ɗauki jariri ko ta sauke shi.

Abu na ƙarshe da muka yi wa Yaya shi ne 'yar takarda da muka sa a leda muka ajiye a jakarta. A jiki akwai irin tiyatar da aka yi mata da ranar da aka yi, magungunan da take sha yanzu, gargaɗin ibuprofen da diclofenac, zancen tayamin in ta zo da amai, da lambobin mutum biyu na gida. Mun ɗauki hotonta a wayarta da tawa, muka kuma nuna wa direban da ke kai ta unguwa aljihun da take.